Hoton duniyar wani tauraro: tambayoyi da amsoshi kan natsuwar madubin hangen nesa

Ina koyar da fizik a wata lise a nan Tawa. Idan damina ta ɗauke, kafin hunturu ya turnuƙe sama da ƙura, nakan fita da ɗalibaina bayan gari bayan sallar isha'i, da ƴar na'urar hangen nesa mai ƙafa uku. Kullum abu ɗaya ke faruwa. Ana cikin kallon duniyar Mushtari da watanninsa huɗu, sai wani yaro ya taɓa ƙafar na'urar, ko babbar mota ta wuce a kan hanyar Agadas, sai hoton ya kama rawa har ya fice daga ido. Wannan rawar ita ce babbar matsalar masanan da ke son ɗaukar hoton wata duniya mai kama da tamu a gefen wani tauraro. Tambayoyin nan na ɗalibaina ne, da na wasu iyaye da maƙwabta da suka zo kallo.

Malam, da gaske an taɓa ɗaukar hoton duniyar da ke kewaya wani tauraro?

An taɓa, amma kaɗan ne. Tun 1995, lokacin da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano 51 Pegasi b daga wata cibiyar kallon taurari a kudancin Faransa, an tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000. Kusan dukansu ba a gan su da ido ba. An gane su ne ta alama: ko hasken tauraron ya ɗan dushe idan duniyar ta gitta ta gabansa, ko tauraron ya riƙa ɗan yin gaba da baya saboda tana jan sa.

Waɗanda aka ɗauki hotonsu kai tsaye ƴan gommai ne. Ta farko ita ce 2M1207b a 2004, da na'urar VLT da ke ƙasar Chile. A 2008 aka ga uku a gefen tauraron HR 8799, aka ƙara ta huɗu a 2010. Akasarinsu sun fi Mushtari nauyi, ƙuruciya gare su, har yanzu suna fitar da zafin halittarsu, kuma suna nesa ƙwarai da taurarinsu. Ƙarama mai duwatsu da ruwa irin tamu, wadda hasken tauraronta kawai take mayarwa, ba a taɓa ɗaukar hotonta ba.

To me ya hana?

Abu biyu ne suka haɗu. Na farko bambancin haske. Idan ka tsaya can nesa ka dubo mu, rana ta fi duniyarmu haske sau biliyan 10, wato miliyar 10 kamar yadda muke faɗa a nan. Don ɗalibai su ji nauyin lambar, nakan kawo musu gero. Ƙwaya dubu na gero nauyinsu giram 8 zuwa 10 ne. Ƙwaya biliyan 10 ke nan sun kai buhu 800 zuwa 1,000 masu kilo 100. A cikinsu duka ƙwaya ɗaya tak ce hasken duniyar da ake nema, sauran na tauraron ne.

Na biyu kusanci. Daga nisan da haske ke yi a shekara 33, tazarar da ke tsakanin rana da duniyarmu ba ta wuce yadda za ka hangi ɗani ɗaya na hannu a Yamai ba, kai kuwa kana tsaye a Tawa.

Ba sai a kare tauraron da wani abu ba, kamar yadda muke sa hannu mu kare rana?

Haka ake yi, kuma dabarar ta daɗe. Bernard Lyot, Bafaranshe, shi ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1930, ya gwada ta a kan dutsen Pic du Midi. Ya sa ɗan faifai a cikin na'urar ya tare fuskar rana, don ya ga farin hasken da ke kewaye da ita ba tare da jiran husufi ba. Waɗanda suka shaida husufin 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Nijar, sun san wannan hasken. Ana kiran na'urar koronagiraf. Ni da ɗalibaina makarin tauraro muke ce mata.

Sai dai haske ba kamar kibiya yake tafiya ba. Kamar igiyar ruwa yake. Wanda ya taɓa tsayawa bakin tabkin Tabalak ya ga yadda igiyar ruwa ke zagaye kututture ta sake haɗewa a bayansa. Haka haske ke lanƙwasa a bakin madubi, da jikin sandunan da ke riƙe da ƙaramin madubi na biyu, ya zagaye makarin ya bazu. Makarin zamani ana zana shi da lissafi don ya tattara wannan hasken da ya bazu ya zubar da shi. Amma lissafin ya ginu ne a kan cewa madubin ba shi da aibi ko kaɗan, kuma babu madubi irin wannan.

Wane irin aibi? Ai madubin sumul yake.

A ido sumul yake. A ma'aunin haske kuwa akwai tudu da kwari. Tsawon igiyar hasken da ido ke gani nanomita 400 zuwa 700 ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), saboda haka tudun da ya kai ƴan nanomita ma yana karkatar da wani ɓangare na hasken tauraron. Hasken da ya karkace yakan sauka a hoton a matsayin ɗige-ɗige kewaye da tauraron. Abin da ke ba masana wahala shi ne kowane ɗigo girmansa ɗaya da na duniyar da ake nema, siffarsu ɗaya, kuma da yawansu sun fi ta haske nesa ba kusa ba.

Maganin shi ne madubi mai lanƙwasuwa. Ƙarami ne, bai fi tafin hannu ba, a bayansa akwai ƴan turaku sama da dubu da lantarki ke turawa ko ja. Kwamfuta tana duba ɗige-ɗigen, ta motsa turakun, ta sake dubawa, har sai tudun wata igiyar haske ya faɗa cikin kwarin wata sun kashe juna. A hankali sai wani yanki na hoton ya yi baƙi ƙirin. Masu aikin suna ce masa ramin duhu, kuma suna cewa "haƙa" shi ake yi. Haƙar kan ɗauki awoyi. A cikin ramin nan ne ake sa ran duniyar ta bayyana.

Idan an haƙa ramin, ba shi ke nan ba?

A nan ne aikin yake farawa. Ramin duhu ba rashin haske ba ne, haske ne da ke kashe haske. Kamar mutum biyu ne masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya: igiyar tana tsaye cak, amma da zarar ƙafar ɗaya ta zame sai komai ya ruguje. Idan siffar madubi ta canza kaɗan bayan an gama haƙa, sai hasken tauraron ya fara tsattsafowa cikin ramin kamar ruwa a rijiyar da ba a ɗaure ba.

Nawa ne "kaɗan" ɗin? Binciken da aka yi wa NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, kan manyan na'urori biyu da aka zana, LUVOIR da HabEx, ya kai ga wata lamba da ake yawan ambata: kimanin pikomita 10 a cikin minti 10. Ga yadda ake isa ga pikomita. A raba milimita gida dubu, an sami mikiron. A raba mikiron gida dubu, an sami nanomita. A sake raba nanomita gida dubu, shi ne pikomita. Ƙwayar zarra ta haidurojin, mafi sauƙin dukan ƙwayoyi, faɗinta kimanin pikomita 100 ne. Farcen hannunka yana tsiro kusan nanomita 1 a kowace daƙiƙa. Ke nan a daƙiƙa ɗaya farcenka ya yi tafiya sau ɗari fiye da abin da aka yarje wa madubi mai faɗin mita 6 ya yi a minti 10.

A ganina wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Mutane sukan ɗauka girman madubi ne matsalar. An san yadda ake ƙera babban madubi, an kuma san yadda ake kai shi sama. Abin da ba a taɓa yi ba shi ne a sa abu mai girman ɗaki ya natsu haka.

Malam, ta yaya abu zai natsu ƙasa da girman ƙwayar zarra, alhali da ƙwayoyin aka yi shi, kuma kun ce kullum motsi suke?

Wata ɗaliba ƴar ajin ƙarshe ce ta yi wannan tambayar, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Ba ana nufin kowace ƙwaya ta tsaya ba ne. Haske ba ya jin ƙwaya ɗaya, matsakaicin tsayin fuskar madubin yake ji, a kan faɗin da ya ƙunshi ƙwayoyin da ba su ƙirguwa. Ki dubi gero a cikin tiya. Ko ƙwayoyin suna ɗan motsi, wannan ta hau wancan ta sauka, matsakaicin cikar tiyar bai canza ba. Matsakaicin nan ne ake son ya tsaya.

Kuma auna irin wannan ƙanƙanta ba mafarki ba ne. Kumbon LISA Pathfinder na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba a Disamban 2015, ya auna tazara tsakanin wasu ƴan dunƙulen zinariya da filatinam guda biyu da daidaiton da ya kai ma'aunin pikomita. Aunawa ta samu. Riƙe katafaren madubi a haka shi ne ya rage.

A can sama babu iska, babu mota, babu yaro mai taɓa ƙafa. Me zai girgiza shi?

Wani dattijo mai walda a unguwarmu ne ya tambaya, na ce masa: Baba, ai kai ka fi ni sanin amsar farko. Zafi ne. Shi ya sa ƙofar ƙarfe da ke rufuwa lafiya da asuba takan cije da azahar a watan Afrilu, shi ya sa kwanon rufi ke ƙara shi kaɗai idan rana ta faɗi. Sandar ƙarfe mai mita 1 tana ƙaruwa da kusan mikiron 12 idan zafi ya hau digiri 1. Wannan pikomita miliyan 12 ne.

Don haka ba da ƙarfe ko gilashin taga ake yin irin wannan madubi ba. Akwai gilashi na musamman, ULE na kamfanin Corning a Amurka da Zerodur na kamfanin Schott a Jamus, waɗanda kumburinsu ya gaza na ƙarfe sau ɗaruruwa. Duk da haka mita 1 na mai kyau daga cikinsu zai iya ƙaruwa da kimanin nanomita 20 a digiri 1. Idan ka yi lissafi za ka ga dole a tsare zafin madubin kada ya canza da kashi ɗaya cikin dubu na digiri. Ana shirin yin haka da ƴan na'urorin ɗumamawa da na auna zafi masu yawa a bayan madubin. Madubin hangen nesa na Hubble, da ke kewaya duniya cikin minti 95 yana shiga rana yana shiga inuwa, jikinsa yana ɗan miƙewa yana tsukewa a kowane zagaye, har masu kula da shi suna cewa "numfashi" yake. Shi ya sa ake kai sababbin na'urori wurin da ake kira L2, kilomita miliyan 1.5 daga nan, inda rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa. Amma ko a can, duk lokacin da aka juya na'urar zuwa wani tauraro, gefen da rana ke duka ya canza, sai an jira zafin ya daidaita.

Na biyu, kumbon da kansa. Yawancin kumbuna suna juyawa ne da wasu ƙafafu masu nauyi da ke wulwulawa a cikinsu. Komai kyan ƙira, ƙafa mai wulwulawa tana da ɗan karkarwa, kamar fankar sama da ke kaɗa rufin ɗaki. Ana iya ɗora su a kan abin da ke shanye girgiza, ana kuma tunanin barin su a yi amfani da ƴan bututu masu fesa iskar gas a hankali, kamar yadda kumbon Gaia ya yi.

Sauran sun fi ɓoyuwa. Firam ɗin da ke riƙe madubi, wanda ake yi da zaren kabon, yana shan laima a ƙasa, idan ya je sama sai ya riƙa bushewa yana tsukewa wata da watanni. Mahaɗai da manne sukan saki kansu farat ɗaya. Ga kuma tsakuwoyin sarari da ba su kai ƙwayar rairayi ba. A watan Mayun 2022 wata ta bugi ɗaya daga cikin faifan da aka harhaɗa aka yi madubin na'urar hangen nesa ta James Webb, wanda ake kira C3, ta bar masa tabon da ba ya gyaruwa duka.

Me ya sa ba za a ɗauka da sauri ba, kamar hoton waya, kafin komai ya motsa?

Saboda hasken bai isa ba. Duniya irin tamu a wannan nisan, ƙwayoyin haskenta ɗaiɗai suke isowa, kamar ɗigon tulu mai tsaga. Ganin ta kawai zai ci awoyi. Rarraba haskenta kala-kala don a san abin da ke cikin iskarta zai ci kwanaki, wani lokaci makonni. Duk tsawon wannan lokaci ramin duhu dole ya kasance a haƙe.

Minti 10 ɗin da na ambata ma daga nan ya fito. Na'urar tana iya gyara kanta, amma sai ta tara isasshen haske ta gane abin da ya goce. Ana amfani da hasken tauraron da makarin ya ture a gefe don wannan aikin, da wani ƙaramin madubi mai saurin juyawa da ke biye da tauraron. Duk abin da ya canza da saurin da ya wuce na mai gyara, ya shiga hoton ke nan.

James Webb fa? Bai isa ba?

Webb abin alfahari ne. An harba shi ranar 25 ga Disamba 2021 daga Kourou, madubinsa mita 6.5, faifai 18 na ƙarfen beriliyam da aka shafe da zinariya. A Satumban 2022 aka fitar da hotonsa na farko na wata duniya, HIP 65426 b, ƙatuwa ce mai zafi. Ana duba daidaiton madubinsa duk bayan ƴan kwanaki, a gyara idan da buƙata. Natsuwarsa ta wuce abin da masu ƙera shi suka yi tsammani, amma da nanomita ake auna ta. Abin da ake nema yanzu ya fi haka tsanani kusan sau dubu. Kuma an yi shi ne don hasken zafi da ido ba ya gani, ba don wannan aikin ba.

Wanne ya fi, madubi guda ɗaya ko mai faifai da yawa?

An daɗe ana jayayya a kai. Guda ɗaya ba shi da tsaga, ba ya bazar da haske sosai, amma girmansa ba zai wuce bakin rokar da za ta ɗauke shi ba. HabEx guda ɗaya aka zana masa, mai mita 4. Mai faifai ana iya naɗe shi, LUVOIR har mita 15 aka yi tunani, sai dai kowane faifai yana iya gocewa shi kaɗai, kuma kowace tsaga tana ƙara wa makari aiki. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da duk zanen da ya rage yawan abubuwan da za su iya motsi, ko da madubin zai ɗan ƙanƙanta. Masu son babba kuma suna da hujja mai ƙarfi: babban madubi yana tara haske da sauri, ya rage tsawon lokacin da ake buƙatar natsuwar.

Kwamfuta ba za ta iya goge ɗige-ɗigen daga baya ba?

Tana goge waɗanda suka tsaya wuri ɗaya. Akan ɗauki hoto, a ɗan mirgina na'urar, a sake ɗauka. Ɗige-ɗigen suna bin na'urar, duniyar kuwa tana bin sama, sai a debe wannan daga wancan. Ko a ɗauki wani tauraro da ba a zaton yana da komai a kwatanta. Duka dabarun biyu suna rushewa idan ɗige-ɗigen sun canza tsakanin hoto da hoto.

Babu wata hanya da ba ta buƙatar wannan wahalar?

Akwai. Maimakon a tare hasken a cikin na'urar, a tare shi tun a waje. A harba wata ƙatuwar laima mai siffar fure, a ajiye ta can gaba. A zanen HabEx faɗinta mita 52 ne, nisanta kusan kilomita 76,000. Tunda hasken tauraron bai shiga na'urar ba, madubin ba ya buƙatar natsuwar pikomita. Amma wahalar ta koma wani wuri: dole bakin kowane ganyen furen ya fita daidai bayan an warware shi a sama, dole kumbuna biyu su tsaya a layi ɗaya, kuma ƙaura daga tauraro zuwa tauraro tana cin mai da kwanaki. Turai ta gwada ƙaramin misali da Proba-3, kumbuna biyu da aka harba daga Indiya a Disamban 2024, ɗaya yana kare wa ɗaya rana daga tazarar kusan mita 150.

Manyan na'urorin ƙasa fa?

Ana gina ELT a Chile, mai madubi mita 39. Amma iskar da ke sa taurari ƙyalƙyali a idonmu tana hargitsa haske sau ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma duk gyaran da za a yi ba a sa ran ya kai ɗaya cikin biliyan 10. Fatansu yana kan ƙananan taurari jajaye, inda bambancin hasken bai kai haka ba.

Yaushe za a gwada?

Matakin farko shi ne na'urar Nancy Grace Roman ta NASA, mai madubi mita 2.4 kamar na Hubble, wadda aka tsara harbawa kafin ƙarshen Mayun 2027. Tana ɗauke da makarin tauraro mai madubai biyu masu lanƙwasuwa, irinsa na farko da zai haƙa ramin duhu a sarari. Gwaji ne, kuma abin da ake fata shi ne ya kai ga duniya irin Mushtari a hasken da take mayarwa. Bayan wannan akwai wata na'ura da kwamitin masana na Amurka ya ba da shawarar a ƙera a rahotonsa na Nuwamban 2021: madubi kimanin mita 6, da burin binciken duniyoyi kusan 25 da ka iya ɗaukar rai. NASA ta sa mata suna Habitable Worlds Observatory, ana maganar shekarun 2040. Yaran da ke ajina yau za su kasance magidanta a lokacin. Nakan tuna musu cewa jami'ar Yamai sunan masanin fizik take ɗauke da shi, Abdou Moumouni, wanda ya ba da rayuwarsa ga nazarin hasken rana da zafinta, kuma zafi da haske su ne dai wannan aikin.

Idan an yi nasara, za mu ga teku da duwatsu da birane?

A'a. Ɗigo ɗaya za a gani, kamar yadda kumbon Voyager 1 ya ɗauko duniyarmu ranar 14 ga Fabrairu 1990 daga kilomita biliyan 6. Kafin a yi murna ma sai an tabbatar ba wani tauraro ba ne can baya, ba kuma ƙura ba ce. Taurari ma suna da nasu hazon. Fomalhaut b, da aka sanar a matsayin duniya a 2008 daga hotunan Hubble, daga baya masana da yawa suka karkata ga cewa gajimaren ƙura ne da ke bazuwa. Shi ya sa za a koma a sake dubawa bayan watanni, a ga ko ɗigon ya matsa a kan hanyar da duniya za ta bi.

Daga nan sai a baza hasken ɗigon kamar bakan gizo a nemi inda ya yi giɓi. Iskar oksijin tana cin haske a wajen nanomita 760, tururin ruwa da iskar metan kowanne da nasa gurbi. Idan ɗigon yana ƙara haske yana raguwa a kan lokaci ɗaya kullum, ana iya sanin tsawon yininta, har a yi hasashen inda gajimare yake da inda ƙasa take a fili.